Sonet ta 18: Waƙar soyayyar Shakespeare da yadda take sauka a kunnen Bahaushe

Duk ɗalibin da ya zaɓi darasin Adabin Turanci a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC tsakanin shekarar 2016 da 2020, a Legas yake zaune ko a Falgore ta ƙasar Rogo a yammacin Jihar Kano, ya ci karo da wata gajeriyar waƙa mai ɗango 14 wadda William Shakespeare ya rubuta sama da shekara 400 da suka wuce. Mawaƙin bai raɗa mata suna ba. Lamba kawai gare ta, ita ce ta 18 a jerin waƙoƙi 154 da aka buga a Landan a shekarar 1609. Kalmominta duka 114 ne, ana iya karance ta cikin minti ɗaya, amma tana sahun gaba a waƙoƙin soyayyar da aka fi haddacewa a harshen Ingilishi.

Abin da zai fara ɗaure wa ɗan Falgore kai a cikinta bai shafi wuyar Turanci ba. Waƙar ta buɗe da mawaƙi yana shawara ko ya kamanta abin ƙaunarsa da wuni guda na lokacin zafin ƙasarsu. Ƙamus zai gaya wa ɗalibi cewa wannan lokaci shi ne bazara. Bazarar da shi ya sani kuwa ita ce ta Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, rijiyoyi su ja baya, ciyawa ta ƙone, rumbu ya fara sauka, cutar sanƙarau ta zagayo. Saurayin da ya ce wa budurwa ta yi masa kama da tsakar ranar Afrilu, da wuya a sake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidansu.

Idan aka warware wannan ƙulli, abin da ya rage a cikin waƙar tsohon sani ne ga Bahaushe. Da'awa ce cewa kyau yana gushewa, mutum yana mutuwa, amma wanda aka sa a waƙa ba ya fita daga bakunan mutane. Makaɗan fada da na jama'a sun daɗe suna cin abinci da wannan da'awa a ƙasar Hausa.

Mece ce sonet?

Sonet sunan wani zubi ne na waƙa, kamar yadda ake cewa ƙwar biyu ko ƙwar biyar a rubutacciyar waƙar Hausa. Kalmar daga Italiyanci take, ma'anarta 'yar ƙaramar waƙa. Sharaɗinta na farko shi ne tsawo: ɗango 14, ba ƙari ba ragi. Marubucin waƙar Hausa yana iya jera ɗaruruwan baitoci idan jigo ya ja shi, kamar yadda Aliyu Namangi na Zariya ya yi a Imfiraji. Mai sonet ba shi da wannan sarari. Dole ya kawo maganarsa, ya juya ta, ya rufe ta a fili kamar tafin hannu.

Sharaɗi na biyu shi ne kari. A Ingilishi kowane ɗango yana da gaɓa 10, an kasa su ƙafa 5, kowace ƙafa tana farawa da gaɓar da murya ke wucewa a kanta da sauƙi, sannan wadda ake dannawa ta biyo. Awon rubutacciyar waƙar Hausa, wanda ya yi tarayya da arulin Larabci na Halilu bin Ahmad, nauyin gaɓa yake dubawa, doguwa ce ko gajera. Na Ingilishi kuwa wurin danna murya yake dubawa. Wanda ya saba rera waƙa a karin Kamil ko Mutaƙarab ya riga ya san cewa ɗango yana da ma'auni, sikelin ne kawai ya bambanta.

Na uku shi ne amsa-amo. Waƙar Hausa ta gaji ƙasidar Larabci wajen riƙe babban amsa-amo guda tun daga baitin farko har na ƙarshe. Sonet irin ta Shakespeare tana amfani da amo bakwai: baiti uku masu ɗango hurhuɗu, inda ɗango na ɗaya ke amsa na uku, na biyu ya amsa na huɗu, sannan tagwayen ɗango biyu masu amo ɗaya su rufe.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne juyi. A wajen ɗango na 9, ko kuma a tagwayen ƙarshe, maganar kan karkata zuwa wata fuska. Ana iya samun musu, ko amsar tambaya, ko hukunci. Wannan ne ya sa sonet ta fi kama da hujjar da ake ginawa a gaban alƙali fiye da kirarin da ake ta ƙara masa ɗiya.

Daga Sisili zuwa Landan

An haifi sonet a tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya a rabin farko na ƙarni na 13, a fadar Sarki Frederick na Biyu. Mutumin da ake jingina wa ƙirƙirarta, Giacomo da Lentini, ma'aikacin fada ne mai rubuta takardun shari'a. Tsibirin ya shafe kusan ƙarni biyu a hannun Musulmi kafin Normawa su kammala karɓe shi a 1091, abin da ya sa wasu masana ke ganin akwai hannun waƙar Larabci a asalin zubin, wasu kuma suke jingina shi ga waƙoƙin gargajiyar tsibirin da na kudancin Faransa. A wannan ƙarni ne kuma Busiri ya yi Burda a Masar, Alfazazi mutumin Andalus ya yi Ishiriniya, ƙasidu biyu da har yau ake rerawa a zaurukan Kano da Katsina da Zariya.

Wanda ya ɗaukaka sonet a Turai shi ne Francesco Petrarca, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374. Ya ce ya fara ganin wata mace mai suna Laura a wata majami'a a birnin Avignon na Faransa ranar 6 ga Afrilu, 1327, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana yi mata waƙa, har bayan rasuwarta a 1348. Diwaninsa yana da waƙa 366, 317 daga ciki sonet ne. Daga gare shi mawaƙan Turai suka gaji kayan aikinsu: mace mai gashi kamar zinariya da idanu kamar taurari, da masoyin da ke ƙonewa yana kuma karkarwar sanyi, yana bege ba ya samu.

A zamanin Sarki Henry na Takwas ne Thomas Wyatt da Henry Howard, mai sarautar Surrey, suka shigar da zubin Ingila. Howard ne ya sake tsarin amsa-amon zuwa amo bakwai, tsarin da ya fi dacewa da Ingilishi saboda ba shi da yalwar kalmomi masu ƙarewa da amo ɗaya kamar Italiyanci. An sare masa kai a 1547, waƙoƙinsu kuma suka fito a littafi a 1557. Da aka buga sonet 108 na Philip Sidney a 1591, sai abin ya zama yayi, kusan duk mai alƙalami a Landan ya samo wata Laura tasa.

Cikin wannan yayi Shakespeare ya shigo. An haife shi a garin Stratford a 1564, mahaifinsa mai sana'ar fata ne da cinikin ulu. Sana'arsa rubuta wasan kwaikwayo, amma da annoba ta sa aka rufe gidajen wasa na Landan tsakanin 1592 da 1594, ya koma ga waƙa. A 1598 wani marubuci mai suna Francis Meres ya ambaci cewa waƙoƙin sonet na Shakespeare suna yawo a hannun abokansa na kusa. Sai bayan shekara 11 wani mai buga littattafai, Thomas Thorpe, ya fitar da su ga jama'a.

Abin da waƙar ke cewa

Mai karatu zai zaci bayan buɗewa mawaƙin zai shiga lissafa kyawun masoyi. Sai ya tarar ya shafe ɗango shida yana lissafa aibin lokacin da ya so kamanta shi da shi, kamar dillalin da zai gama kushe kayan maƙwabci kafin ya kwance nasa. Iska mai ƙarfi tana wahalar da tohon furanni a watan Mayu. Rana wani lokaci ta ƙwalle fiye da kima, wani lokaci gajimare ya lulluɓe ta. Lokacin kansa ɗan haya ne wanda wa'adinsa ba ya da tsawo. Daga nan mawaƙin ya faɗaɗa hukuncin ya haɗa da kowa da komai: duk mai kyau kyansa zai ragu, ko tsautsayi ya rage shi ko shekaru.

Kalmar haya ba da ka ta faɗo cikin waƙar ba. Shakespeare mutum ne mai lissafi. Yana da hannun jari a ƙungiyar 'yan wasansu da gidan wasa na Globe da aka gina a 1599, ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu a 1597, akwai kuma takardun kotu da ke nuna ya kai ƙarar waɗanda yake bi bashi. Kalmomin haya da jingina da bashi da riba sun cika waƙoƙin soyayyarsa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da mai rumfa ya taɓa tuna masa cewa shekara ta cika, zai fahimci wannan ɗango kafin malamin adabi ya buɗe baki.

Ɗango na 9 ya fara da kalmar da ke nufin amma, kuma a nan juyin yake. Mawaƙin ya yi wa masoyi alƙawarin cewa nasa lokacin ni'imar ba zai dushe ba, mutuwa ma ba za ta samu bakin alfahari da shi ba, saboda an dasa shi a cikin ɗangwayen waƙa. Tagwayen ƙarshe suka gindaya sharaɗi guda: muddin akwai mai rai da zai karanta, waƙar tana nan, kuma ita ce za ta riƙa rayar da shi. Kalmomi 20 ne a waɗannan ɗangwaye biyu, kowace gaɓa ɗaya gare ta, irin kalmomin da yaro ma ya sani.

Akwai abin lura a nan. Daga farko har ƙarshe ba a faɗi launin fatar masoyin ba, ko tsawonsa, ko yanayin idonsa, balle sunansa. Waƙar da ta fara da yabon wani ta ƙare da yabon kanta.

Bazarar Ingila, daminar Falgore

Ba za a gane dalilin kamancen ba sai an san shekarar Ingila. A Landan hasken rana a watan Disamba ba ya kaiwa awa 8, ga sanyi ga duhu, itatuwa sun zubar da ganye. A watan Yuni kuwa yana haura awa 16, kuma zafin Yuli a ƙa'ida bai wuce digiri 23 ba, abin da mutumin Kano zai kira ni'ima. Wannan ne lokacin da Baturen zamanin Shakespeare ke ƙirga kwanaki yana jira, lokacin kore da furanni da fita waje.

Ga manomin ƙasar Karaye da Rogo, inda ake noman masara da dawa da rake, lokacin da ake ƙirga wa kwanaki shi ne damina. Idan aka ɗora waƙar a kan damina, sai aibobin da mawaƙin ya lissafa su zauna daram. Hadarin farko na watan Mayu da iska yake zuwa, ta yaye kwanon rufi, ta karya rassan darbejiya da mangwaro. Ruwa yakan ɗauke bayan shuka, rana ta ƙwalle har yabanya ta yi yaushi. Marka takan rufe sama a Agusta a kwana biyu ko uku ba a ga rana ba. Kafin ƙarshen Oktoba koren ya fara komawa ruwan ƙasa, wa'adi ya cika.

Malamin da ya fara darasin da wannan bayani ya rage wa ɗalibansa rabin aiki. Wanda ya tsallake shi kuwa zai bar su da haddar sunayen adon harshe, kamance da siffantawa da mutuntarwa, ba tare da sun san me ya sa wani zai yi marmarin zafi ba.

Wa aka yi wa waƙar?

Mutane da yawa suna ɗauka budurwa aka yi wa Sonet ta 18. Akasarin masana suna ganin waƙoƙi 126 na farkon jerin wani matashi ne ɗan babban gida ake yi wa magana a cikinsu, daga ta 127 zuwa ta 152 kuma wata mace ce mai baƙin gashi da baƙaƙen idanu. Guda 17 na farko nasiha ce ga matashin ya yi aure ya haihu, domin kada kyansa ya tafi kabari tare da shi, maganar da ba ta da nisa da karin maganar nan na kyan ɗa ya gaji ubansa. A ta 18 ne zancen aure ya ɓace gaba ɗaya, mawaƙin ya miƙa waƙarsa a madadin zuriya.

Thorpe ya sadaukar da littafin ga wani da ya ambata da haruffa biyu kawai, W da H. An fi zargin mutum biyu: Henry Wriothesley mai sarautar Southampton, wanda Shakespeare ya sadaukar wa dogayen waƙoƙinsa biyu a 1593 da 1594, da William Herbert mai sarautar Pembroke. Masana sun kuma rabu kan irin dangantakar. Wasu suna ganin abota ce da neman ubangida irin na zamanin, lokacin da marubuci ke rayuwa da kyautar masu sarauta, yana kuma yi musu magana da kalmomin so. Wasu suna ganin ta wuce haka. Ita waƙar ta 18 babu kalma ko ɗaya a cikinta da ke nuna namiji ko mace ake nufi, kuma wannan na cikin abin da ya ba kowa damar ara ya karanta wa nasa.

Alƙawarin da makaɗa suka daɗe da yi

Da'awar cewa waƙa ta fi gini daɗewa ta girmi Shakespeare. Mawaƙan Rum na dā, Horace da Ovid, sun yi ta. Littattafan adabin Larabci sun ruwaito cewa Halifa Umar ya tambayi wani daga 'ya'yan Harim bin Sinan abin da mahaifinsu ya ba mawaƙi Zuhairu bin Abi Sulma a kan yabon da ya yi masa. Da aka lissafa masa dukiyar, sai ya nuna cewa abin da suka ba mawaƙin ya ƙare, abin da mawaƙin ya ba su kuwa yana nan.

Wannan lissafi ne ke tsakanin makaɗin Hausa da ubangidansa. Sarki yana ba da doki da riga da gona, makaɗi yana ba da suna. Dawakan da Ibrahim Narambaɗa ya samu a fadar Isa sun daɗe da mutuwa, amma Sarkin Gobir na Isa Amadu yana nan a gidajen rediyo da wayoyin salula. A Bakandamiya, Narambaɗa ya yi abin da Shakespeare ya yi a tagwayen ƙarshe, ya haɗa yabon ubangida da yabon gwanintar kansa. Da yawa daga waɗanda suka san sunan Shago ba su taɓa ganin dambensa ba, ta bakin Ɗan Anace suka san shi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ɗaga har waɗanda ba su da sarauta, shi ya sa har yau ake ambaton Bawa Direba da Garban Bichi.

A nan ne kuma hanyoyin biyu suka rabu. Makaɗin Hausa yana faɗin sunan gwaninsa da na mahaifinsa da garinsu da abin da ya yi, domin sunan shi ne hajar. Shakespeare ya yi alƙawarin rayar da mutum amma ya ɓoye sunansa. Sakamakon shi ne waƙar ta rayu, mai waƙar ya rayu, wanda aka yi wa ita kuwa masana sun shafe sama da shekara 200 suna gardamar ko wane ne. Ta fuskar cika alƙawari ga ubangida, Narambaɗa ya fi shi. Ta fuskar yaɗuwa kuwa, rashin sunan ne ya buɗe wa waƙar ƙofofin ƙasashen da ba su taɓa jin labarin Southampton ba.

Inda malaman wa'azi suka bi wata hanya

Musulmi mai karatu zai ji wani nauyi idan ya zo kan iƙirarin kayar da mutuwa, domin ya san babu mai dawwama sai Allah. Rubutacciyar waƙar Hausa, tun daga zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, ta lura da abin da Shakespeare ya lura da shi, cewa ƙuruciya da kyau aro ne. Sai dai ta fitar da wani sakamako daban. Waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu suna siffanta duniya a matsayin mayaudariya, suna kira ga mutum ya yi guzurin lahira tun kafin wa'adi ya cika. Shi ma Shakespeare ya bi ta wannan hanya sau ɗaya. A Sonet ta 146 ya yi wa ruhi faɗa a kan ɓata dukiya wajen ƙawata jikin da tsutsa za ta gada, maganar da za ta zauna a kowace waƙar zuhudu.

Kalmomin so kuwa malamai ba su watsar da su ba, sun karkata su ne zuwa bege. Ƙasidar Ka'abu bin Zuhairu, ɗan Zuhairun da aka ambata, ta buɗe da kewar wata mace mai suna Su'ada kafin ta shiga yabon Annabi (SAW), wanda ya yafa masa mayafinsa. Burda da Ishiriniya da Imfiraji cike suke da rashin barci da hawaye da marmarin saduwa. Wanda ya tashi yana jin waɗannan ya san harshen Petrarca tun kafin ya ji sunansa, abin begen ne ya bambanta.

Yadda ta kusa ɓacewa

Matsayin da Sonet ta 18 ke da shi yau bai zo da wuri ba. Ba a sake buga littafin 1609 ba har Shakespeare ya rasu a 1616, kuma kwafi 13 ne kawai suka kawo wannan zamani. Babban kundin wasanninsa da abokan aikinsa suka fitar a 1623 bai ƙunshi waƙoƙin ba. A 1640 wani mai suna John Benson ya sake buga su, ya hargitsa jerin, ya haɗa wasu da wasu, ya raɗa musu sunaye, ya kuma zubar da guda takwas. Ta 18 tana cikin waɗanda ya zubar. A 1780 Edmond Malone ya fitar da waƙoƙin bisa tsarinsu na asali, kuma ko a 1793 wani babban mai tace ayyukan Shakespeare, George Steevens, ya ƙi saka su a bugunsa saboda yana ganin ba su cancanci karatu ba.

Mawaƙan ƙarni na 19 irin su Wordsworth da Keats ne suka dawo musu da martaba. A 1861 Francis Palgrave ya saka ta 18 a wani zaɓaɓɓen kundin waƙoƙi da ya zama littafin makaranta a Ingila da ƙasashen da ta mallaka. Ta hanyar aji da jarrabawa waƙar ta iso Afirka ta Yamma, inda aka kafa hukumar WAEC a 1952.

Zubin kansa bai tsaya a soyayya ba. John Milton ya yi siyasa da shi. Elizabeth Barrett Browning ta fitar da sonet 44 ga mijinta a 1850. Claude McKay, baƙar fata ɗan Jamaika, ya yi amfani da shi a 1919 wajen kiran baƙaƙen Amurka su tsaya wa kansu a shekarar da aka yi ta kashe su a tarzoma. Pablo Neruda na ƙasar Chile ya buga sonet 100 na soyayya a 1959. Shakespeare ma ya yi wa yayin ba'a a Sonet ta 130, inda ya ƙi kamanta masoyiyarsa da rana ko furanni, ya ce duk da haka ba ta gaza waɗanda ake yi wa ƙaryar kamance ba.

Abin da ke jiran mai fassara

Soyayyar namiji da mace ta daɗe a bakin Bahaushe, a waƙoƙin gaɗa da na dandali da na daka, amma ta makara wajen shiga takarda. Littattafai irin su So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1980, suna cikin waɗanda suka buɗe ƙofa, sannan adabin kasuwar Kano ya biyo da irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, finafinan Kannywood kuma suka mayar da waƙar soyayya abincin yau da kullum. Shakespeare ma ba baƙo ba ne a Hausa, domin Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga wasanninsa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971.

Duk wanda zai zauna ya mayar da Sonet ta 18 Hausa, shawara uku ke jiransa kafin ya kammala ɗangon farko. Zai bar bazara ya dogara da bayani a gefe, ko zai musanya ta da damina ya sha sukar cewa ya taɓa maganar mai magana. Zai riƙe amo bakwai, ko zai bi kunnen Bahaushe da ya saba da babban amsa-amo guda. Ta uku ta fi su wuya. Wakilin sunan da Shakespeare ya yi amfani da shi bai bambanta namiji da mace ba, Hausa kuwa ba ta da irinsa, sai dai kai ko ke. Abin da mawaƙin ya bari a rufe tun 1609, mai fassara a Kano ko Falgore dole ya yanke hukunci a kansa tun a kalmomin farko, kuma duk wanda ya zaɓa zai sa mai karatu ya ji wata waƙa daban.